Gari na cin gona: yaya za mu koyar da wannan babin a aji?

Malamin_SS2:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke gefen Kano. Wannan zangon mun iso babin birane da matsugunan jama'a. Bayanan da na gada daga malamin da na canja kusan duk misalan Amurka ne: masana'antu su jawo baƙi, birni ya cika, masu hali su fice zuwa bayan gari, tsakiyar birni ta zama kango, sababbin unguwanni su hau kan gonaki. Na zana musu da'irorin nan da wani masanin Amurka, Burgess, ya fitar a 1925 daga nazarin birnin Shikago, kasuwa a tsakiya, talakawa kusa da ita, masu kuɗi can waje. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu a wace da'ira muke? Gidanmu a gonar kakana yake, kuma bara waccan aka yanka sauran." Na ba shi amsa, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Tambayata ita ce: shin labarin lalacewar birni da zuwan baƙi da cin gonaki, yadda littattafai ke jera su ɗaya na haifar da ɗaya, ya dace da Kano? In bai dace ba, me zan koya musu?

Malama_Gwale:
Wa alaikumus salam Malam. Bai dace ba, tun daga matakin farko ma. Wa ya ga kango a cikin birni? Ka shiga Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi da yamma ka gani. Mu matsalarmu cunkoso ce. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yanzu magada huɗu ne a ciki, kowa da 'ya'yansa, an toshe tsakar gida da ɗakuna, zaure ya zama shago. Wanda ya fita Rijiyar Zaki ko Ɗorayi bai bar ɗakinsa a rufe ba, kafin ya gama kwashe kaya ƙaninsa ya shiga. Ni ina zana musu da'irorin saboda jarrabawa, sannan in ce su gaya mini inda Kano ta saɓa.

Mazaunin_Mishigan:
Shekarata goma sha ɗaya a jihar Mishigan, bari in faɗi abin da littafin yake nufi don a ga bambancin. Ditiroyit, birni mafi girma a jihar, a ƙidayar 1950 tana da mutum kusan miliyan 1.85. A ƙidayar 2020 sun koma kimanin 639,000. Birnin kamfanonin ƙera motoci na Ford da General Motors da Chrysler ne, ya cika da Turawan Folan da wasu ƙasashe, da baƙar fata da suka baro kudancin Amurka neman aiki. Daga baya kamfanonin suka kai masana'antu wajen gari da wasu jihohi, aka shimfiɗa manyan tituna bayan dokar gina manyan hanyoyi ta 1956, farar fata masu mota suka bi titunan suka koma bayan gari, tarzomar 1967 ta ƙara wa gudun sauri. Da suka tafi sun tafi da harajinsu. A 2013 birnin ya kai kansa kotu cewa ya kasa biyan bashi, wajen dala biliyan 18. Na bi layukan da gida ɗaya ko biyu ne suka rage a tsaye, sauran ciyawa. Wasu filayen ma mazauna sun mayar da su lambun kayan miya. Wato can adadin mutanen yankin bai ƙaru sosai ba, bazuwa kawai suka yi a kan ƙasa mai faɗi. Mu a Kano mutane ne suke ƙaruwa a ko'ina, ciki da waje.

BaKano_Asali:
Ku daina kewaye-kewaye. Baƙi ne suka cika garin nan. Kullum motoci na sauke mutane a tasha, daga ƙauyuka, daga Nijar, daga Borno, daga Zamfara. Ina za su kwana in ba a gonakin mutane ba? Malam ka gaya wa yara gaskiya.

Hajiya_Mai_Ritaya:
BaKano_Asali, ɗana, laifi tudu ne. Na koyar shekara talatin da biyar kafin in ajiye alli, kuma duk ajin da na riƙe sai na sa yara sun rubuto sunayen unguwannin cikin ganuwa. Tudun Nufawa su wa ke nan? Zangon Barebari fa? Agadasawa? Ayagi ta Yarabawa ce. Dandalin Turawa na Larabawan arewacin Afirka ne, tun kafin Bature ya zo a 1903. Fagge masaukin ayari ce. Sabon Gari ta biyo bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Kano da baƙi aka gina ta tun zamanin Rumfa da kasuwar Kurmi. In ka tona asalin da yawa daga masu cewa su ne 'yan gari, za ka tarar da kakan da ya zo da jaki ko raƙumi.

Sannan ka duba wanda yake sayen fuloti. Mai turin ruwa da ya zo cin rani ba shi da kuɗin fili, a shago ko kangon wani yake kwana. Masu saye su ne 'ya'yanmu, ɗan kasuwar Kwari, ma'aikacin gwamnati, wanda zai yi aure gidan gado ya yi masa kaɗan. Ni kaina 'ya'yana maza uku, babu wanda yake zaune cikin ganuwa.

BaKano_Asali:
Hajiya na ji, kuma ban ce a kori kowa ba. Amma ba za a ce 'yan gudun hijirar da suka zo tun daga 2009 ba su ƙara nauyi ba. A layinmu kaɗai na san gidaje biyar.

Hajiya_Mai_Ritaya:
Sun ƙara, kamar yadda farin 1973 da na 1984 suka turo mutane. A faɗa wa yara haka, tare da abin da ya raba su da gidajensu. Abin da nake tsoro shi ne malami ya tsaya gaban aji mai ɗauke da ɗan Bama da ɗan Maraɗi ya ce ku ne kuka cinye gonaki. Yaron ba zai manta ba har ya tsufa.

Ɗan_Ungogo:
Ni bari in yi magana a matsayin wanda aka ci gonarsu. Mahaifinmu ya rasu ya bar gonaki uku, mu goma sha huɗu ne magada. Da aka raba, rabon kowa bai kai abin da zai ciyar da gida wata biyu ba. A lokacin gine-gine sun riga sun iso gefenmu. In ka shuka, awakin unguwa su shiga, yara su karya dawa tun tana ɗanya, leda ta cika kunya, masu gini su bi ta tsakiyar gero da motar yashi. Ga dillalai kullum suna sallama. Kuɗin da aka taya gona ɗaya ya fi abin da za ta ba mu a noman shekara ashirin. Wa zai ƙi? Aka kawo igiya aka yanka fulotai ƙafa hamsin-hamsin, aka bar hanya wadda mota biyu ba za su gifta juna ba, mai unguwa ya sa hannu. Yayanmu ya sayi babur mai ƙafa uku, wani ya yi aure, wani ya je Makka, ni na biya kuɗin makaranta. Cikin shekara uku kuɗin sun ƙare. Yau a kasuwa muke auno hatsi, mu da rumbunmu bai taɓa zama babu komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai itatuwa ne. Akwai ɗorawa biyu da gawo da wata tsohuwar kuka a gonar. Ranar da aka sayar, kafin a kafa bulo ɗaya, an sare su an yi itace. Malam, yaron da ya yi maka tambayar nan ɗan gidan irinmu ne. Kada ka ba shi Shikago kafin ka ba shi labarin gidansu.

Ɗalibar_BUK:
Allah ya jiƙan mahaifinku. Abin da ka faɗa ya zo daidai da abin da muke karantawa. Wani Baturen Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazari a ƙauyukan Ungogo a shekarun 1960 lokacin yana jami'ar Zariya. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda ƙasar da ke kewaye da Kano take ɗauke da jama'a masu yawa, ana noma ta kowace shekara ba a barin ta ta huta, amma ba ta mutu ba. Sirrin taki ne. Jakuna su shigo birni da itace da hatsi, su koma da mangala cike da shara da toka da kashin dabbobi a zuba a gona. Birni na ciyar da gona, gona na ciyar da birni. To waɗannan gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana gina ƙarfinsu su ne suka fi kusa da gari, su ne kuma farkon waɗanda bulo ya hau. Malamin_SS2, in kana son wani zane na littafi da ya fi kama da mu, gwada na Bajamushen nan Von Thünen na 1826: kayan lambu da itace kusa da gari, hatsi can gaba, kiwo a nesa.

Malamin_SS2:
Na gode ƙanwata. Wallahi ban taɓa haɗa Von Thünen da jakunan taki ba, alhali ina yaro na gan su da idona a Ƙofar Ruwa.

Tsohon_Masaƙi:
Malama_Gwale ta ce babu kango. Malama, ki zo Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL tun 1957 aka buɗe ta, wasu suka biyo baya, har unguwar ta zama ba ta barci saboda masu canjin aiki dare da rana. Mutane daga Binuwai, Filato, Kogi, Katsina, kowa da ɗakin hayarsa. Ni na yi shekara goma sha tara a gaban injin saƙa. Da masaƙu suka rufe, mai abinci ta tashi, mai gidan haya ya rasa ɗan haya, tela ya rasa mai ɗinki. Ku ma a Kano ku zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ku ƙirga ƙofofin da ke garƙame. Rashin wuta, tsadar kayan gyara tun bayan karyewar naira a 1986, da atamfar waje mai araha. Wannan shi ne lalacewar birni irin tamu. Bambancin kawai, mu ma'aikatan ba mu bar gari ba, acaba muka koma.

Malama_Gwale:
Baba na karɓi gyara. Ni gidajen zama nake nufi, amma gaskiyarka. Kuma ko cikin birnin akwai lalacewar da ba ta rashin mutane ba. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ta zube a wurare da dama, wasu wuraren an yi gini a kanta. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan damina, an cike su da shara an yanka. Shi ya sa ruwan awa biyu yake shiga ɗakunan mutane.

Mai_Tsara_Gari:
Aikina ke nan, bari in ƙara abu biyu. Na farko, Kano ta taɓa samun tsari. An yi mata na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion. Garin ya gudu ya bar takarda a baya. Yau in ana maganar birnin Kano ana nufin ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo, kuma gine-gine sun riga sun taɓa Gezawa da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Biyun ƙarshe cikin takwas ɗin nan gundumomin manoma ne a da.

Na biyu, dalilin da ya sa manomi ke gaggawar awon igiya, wato yanka gona fuloti-fuloti ba tare da tsarin gwamnati ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. To manomi ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a yi sabon tsari a yankinsu, me zai jira? Gara ya yanka da kansa ya sayar da farashin kasuwa. Sai unguwa ta tashi babu filin makaranta, babu maƙabarta, babu magudanar ruwa. Daga baya a zo buɗe titi a rushe gidaje, a biya diyyar da ta ninka abin da za a kashe da an tsara tun farko.

Dillali_Na_Gaskiya:
Kullum mu ake zagi. Yallaɓai, mutum nawa ne suka nemi filin gwamnati suka samu ba tare da sun san wani ba? Mai albashin dubu saba'in ina zai iya sayen fuloti mai takarda? Awon igiya ne ya sa talaka ya mallaki muhalli a garin nan, yana biya kaɗan-kaɗan, ya yi ɗaki ɗaya ya shiga, shekara ta zagayo ya ƙara ɗaya. Ku kawo abin da ya fi shi mu bi.

Mai_Tsara_Gari:
Ban musa ba Alhaji. Da za ku riƙa barin hanya mai faɗin ƙafa arba'in da fili ɗaya na makaranta a kowace gona babba, da rabin faɗanmu ya ƙare.

Dillali_Na_Gaskiya:
Wa zai biya mai gona kuɗin filin da aka bari? Nan gizo ke saƙa.

Ba_Damagare:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma muna da wannan darasin, kuma misalin da nake ba ɗalibaina shi ne Yamai. Tun 1965 aka fara dasa wani zobe na itatuwa, yawanci dogon yaro, a kewayen birnin don ya tare iska da rairayi, fiye da eka dubu biyar. Gari ya girma ya iso shi, ya tsallake shi, mutane suka zauna a ciki, aka yanka wasu sassan. Ingila ma ta yi wa Landan irin wannan zoben, nasu ya tsaya saboda doka na da haƙora, amma kuɗin gida ya yi tsada har matasa sun kasa saye. Ina sa yara su yi gardama a kai: a kare gona gida ya yi tsada, ko a bar gari ya bazu abinci ya yi nisa? Ba na ba su amsa.

Uwar_Biyu:
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Tambayata, me ya sa ba za a riƙa yin bene ba? Na je Misira na ga gida hawa shida, iyali goma sha biyu a filin da mu mutum ɗaya zai zauna.

BaKano_Asali:
Hajiya wa zai yarda maƙwabci ya riƙa hango tsakar gidansa daga sama? Ga kiwo, ga girkin itace, ga rashin ruwan famfo. Wa zai hau hawa biyar da jarka?

Malama_Gwale:
Wannan ma darasi ne ai. Siffar gari tana bin al'adar zama. Gidan Bahaushe yana son tsakar gida da katanga, don haka garinmu a kwance yake tafiya. Amma ku lura, kusa da kasuwanni bene ya riga ya zama ruwan dare, saboda can ƙasa ta yi tsadar da ta fi ƙarfin kunya.

Mazaunin_Mishigan:
In koma kan maganar baƙi da Hajiya_Mai_Ritaya ta yi. A nan akasin abin da ake zato ne ya faru. Unguwannin da suka farfaɗo su ne waɗanda baƙi suka shiga. Dearborn cike take da Larabawan Labanan da Iraƙi da Yaman. Hamtramck, wani ɗan ƙaramin gari da Ditiroyit ta kewaye, da na 'yan Folan ne, ya fara mutuwa, 'yan Yaman da Bangaladash suka sayi tsofaffin gidaje suka buɗe shaguna. A zaɓen 2021 duk kansilolin garin da magajin gari Musulmi ne. Malam in za ka ba da misalin Amurka, ka haɗa da wannan, don kada yara su ɗauka zuwan baƙo ne ke kashe gari.

Malam_Jarrabawa:
Duk na ji, amma ku tuna WAEC da NECO ba za su tambayi yaro awon igiya ba. Za su ce kawo dalilai biyar na ƙaura daga ƙauye zuwa birni, matsaloli biyar, mafita biyar. Darasi minti arba'in ne, aji mutum casa'in, taswirar bango ma babu. Ga shi labarin ƙasa ya zama na zaɓi, yara na gudunsa. In ka ɓata mako uku a kan Ungogo, wa zai gama manhaja?

Hajiya_Mai_Ritaya:
Malam, yaron da ya fahimci dalilin da ya sa aka sayar da gonar kakansa zai kawo maka dalilai goma ba biyar ba, kuma ba hadda ya yi ba. Ni ban taɓa samun motar fita da ɗalibai ba. Abin da nake yi, in ba kowa aikin gida: ka sami tsoho ɗaya a unguwarku ka tambaye shi, wurin da gidanku yake me ke nan shekara talatin da suka wuce, wa ya sayar, wa ya saya, daga ina ya zo. Ranar Litinin mu jera amsoshin a allo. Sau da yawa sunan unguwar ma ya isa: Rijiyar Lemo, Rimin Gata, Gandun Albasa, Ɗorayi. Ka tambaye su ina rijiyar, ina rimin, ina albasar. Sannan ka gaya musu cewa lokacin da Barth, wani Bajamushe matafiyi, ya zo a 1851 ya ƙiyasta mutanen Kano 30,000, kuma a cikin ganuwar kanta akwai gonaki masu faɗi wajen Gwauron Dutse, an bar su da gangan don in an yi wa gari ƙawanya a sami abinci.

Ɗalibar_BUK:
Ƙari a kan na Hajiya, Google Earth na kwamfuta yana nuna tsofaffin hotunan sama. Ka buɗe yankin makarantarku a farkon shekarun 2000 da na bana, ka buga biyun a takarda. Gani ya kori ji.

Malamin_SS2:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan ba da aikin gidan Hajiya ranar Alhamis, zan kuma nemi hotunan. Da'irorin Burgess zan bar su saboda maganar Malam_Jarrabawa. Abin da har yanzu ban warware ba shi ne sashen mafita. Littafi ya ce a raya karkara, a tsara birane. In yaron nan ya sake ɗaga hannu ya ce to da kakansa bai sayar ba me zai yi, ban san abin da zan ce ba, bayan na karanta Ɗan_Ungogo da Dillali_Na_Gaskiya.

Ɗan_Ungogo:
Malam ka ce masa ya tambaye ni. Akwai sauran gona ɗaya da ba mu yanka ba, ta fadama, inda ƙanena ke noman rani, latas da alayyahu da albasa, yana kai wa 'Yankaba. Makon jiya an sake zuwa taya ta. Mu bakwai mun ce a bari, bakwai sun ce a sayar kafin gwamnati ta rigaye mu. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna a gidan kawunmu. In kana so ka kawo ɗalibanka su gan ta, ka zo kafin nan.